Soyayyen Farin Kabeji Mai Yaji Irin Na Indiya

   

Yau tukunyar tamu za ta yi tafiya mai nisa, har ƙasar Indiya. Yawancinmu ta finafinai muka san Indiya, mun san rawarsu da waƙarsu da adon amarensu, amma abincinsu sai dai mu hango a faranti. Wanda ya shigo hannunmu sosai shi ne samosa, wadda yanzu da wuya a yi walima a birni ba a gan ta ba. To yau ga wani ɗan uwanta, soyayyen farin kabeji mai yaji, wanda su suke kira Gobi 65. Abin taɓawa ne da ake fara miƙa wa baƙi kafin a kawo babban abinci. Babu nama a cikinsa, babu kifi, babu ƙwai, amma idan aka soya shi yadda ya kamata, wadda ba ta sani ba sai ta ci uku kafin ta tambaya ko naman mene ne.

Abin da ya sa na zaɓo shi, uwargida, kin fi ni sanin yadda kuɗin nama yake. Idan suna ya kama, ko walimar saukar Alƙur'ani, ko yinin biki, mata talatin a tsakar gida, kika ce kowace sai ta samu tsokar kaza kafin abinci, to kuɗin da maigida ya bayar ya ƙare tun ba a ɗora shinkafa ba. Idan kuma aka tsaya a cin-cin da ƙosai, sai a ga kamar ba a yi wani shiri ba. Wannan girki yana cike wannan gurbi. Yana cika faranti, yana da kyan gani, ga shi baƙon abu da zai sa a yi ta tambayar ki yadda kika yi.

Bari mu fara da sunan. Gobi a harshen Hindi kabeji ke nan, farin kabeji kuwa cikakken sunansa a wurinsu yana nufin furen kabeji, kuma haka yake, domin abin da muke ci ɗin kan fure ne da bai kai ga buɗewa ba. Indiya da Sin su ne suka fi kowace ƙasa noma shi a duniya. Lambar 65 ɗin kuma daga wani girkin kaza aka aro ta. A birnin Madaras na kudancin Indiya, wanda aka sauya wa suna zuwa Cennai a 1996, akwai wani tsohon gidan abinci da ake kira Buhari. E, Buhari dai, kamar yadda muke da sunan a nan, don mai gidan Musulmi ne. Su suka ce a shekarar 1965 suka fara sayar da wata soyayyar kaza mai yaji, suka sa mata lambar shekarar, har daga baya suka fito da masu lamba 78 da 82 da 90. Mutanen gari kuwa kowa da labarinsa. Wasu su ce barkono 65 ake zubawa, wasu su ce kazar kwana 65 ake yankawa. Ni dai na fi yarda da zancen shekarar, don wanda ya ci barkono 65 a zama ɗaya ba zai tashi ya ba da labari ba.

To me ya kawo kabeji cikin zancen kaza? Indiya ƙasa ce da miliyoyin mutane ba sa cin nama saboda addininsu da al'adarsu. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021 ya nuna kusan mutum huɗu cikin goma na manyan Indiya sun ce su ba maciya nama ba ne. Saboda haka duk girkin nama da ya yi suna a can, sai masu dafa abinci su nemi yadda za su yi irinsa da kayan lambu. Farin kabeji ya dace da wannan aiki don ba shi da wani ɗanɗano mai ƙarfi na kansa, duk yajin da aka ba shi sai ya ɗauka, kuma yana da jikin da ba ya narkewa a mai.

Yanzu sai batun saye, kuma a nan ne zan ɗan daɗe, domin yawancinmu ba mu za mu je kasuwa ba, maigida ne ko yaro. Idan kika ce kawai a sayo farin kabeji, akwai yiwuwar a kawo miki kabejin da muka saba yankawa a kwaɗo ko a salak, tunda shi ma cikinsa fari ne. Ki yi wa ɗan aike bayani sosai. Ki ce wanda kansa yake fari dunƙule-dunƙule kamar auduga, koren ganye ya kewaye shi ta ƙasa. Shuka ce mai son sanyi, shi ya sa a ƙasar nan an fi noma ta a Filato, kuma ta fi samuwa da kyau lokacin hunturu. A manyan kasuwannin kayan gwari za a tambaya, irin 'Yankaba a Kano ko Farin Gada a Jos, ko wurin masu sayar da karas da koren wake da koren tattasai. A zaɓo wanda kansa ya haɗe gam, mai nauyi a hannu, fari ko mai ɗan ruwan madara. Wanda ya fara baƙin ɗigo-ɗigo, ko ya saki jiki reshensa ya rarrabu, ko ganyensa ya yi yaushi ya koma rawaya, wannan ya kwana biyu, a bar wa mai shi. Kuma kada a sayo shi tun saura mako, zafinmu ba ya ɗaga masa ƙafa. Ana gobe taro ya isa.

Kai ɗaya matsakaici, idan an gyara shi, yakan ba da kamar rabin kilo, kuma zai ishi mutum huɗu zuwa biyar a matsayin abin taɓawa. Mata ashirin ke nan ki nemi kai 4 ko 5. Awon da zan faɗa na kai ɗaya ne, sai ki ninka. Mai biro da takarda ta matso kusa.

Za ki nemi kindirmo mai kauri cokalin cin abinci 3, ɗanyar citta da tafarnuwa da aka daka tare cokali 1, garin busasshen tattasai cokali 1, garin barkono cokalin shayi 1, kurkum rabin cokalin shayi, ɗan masoro, rabin lemon tsami, da gishiri. Na ƙullu kuma, konfulawa cokali 4, garin shinkafa cokali 3, fulawa cokali 2. Sai man gyaɗa na suya. Indiyawa suna da wani haɗin kayan ƙamshi da suke kira garam masala, ana samun sa a manyan kantuna. Idan babu, ki daka kanumfari 3 da ɗan guntun kirfa, ki ɗebi abin da yatsu uku suka kama, ya wadatar.

Ki cire ganyen, ki kifa kan, ki bi da wuƙa ta ƙasa kina yanke rassan daga jikin itacen tsakiya. Kowane yanki ya zama kamar girman ƙaramin ƙosai, wanda za a kai baki a loma ɗaya. Ki yi ƙoƙari su zo daidai da juna, in ba haka ba ƙananan za su ƙone manyan ba su nuna ba. Shi kuma itacen tsakiyar kada ki zubar, ki fere shi ki yayyanka a miyar gobe.

Daga nan ki ɗora ruwa a tukunya, ki sa gishiri da ɗan kurkum. Idan ya tafasa ki zuba kabejin, ki ba shi minti 2, in ya yi yawa 3, ki juye a kwando. Wannan mataki amfaninsa biyu. Na farko, ƙananan tsutsotsi da ƙwari suna shigewa can cikin lungunan furen inda wanki kawai ba ya fito da su, ruwan zafi mai gishiri kuwa yana taso da su. Na biyu, yana ɗan sassauta jikinsa yadda zai ƙarasa nuna a cikin mai. Amma fa ba dafawa na ce ba. Idan kika tafi shanya kika bar shi ya yi minti goma, ya zama fate, ba abin da za ki iya yi da shi sai miya. Ki taɓa ki ji, ya kasance har yanzu da ƙarfinsa.

Sai ki baza shi a tire ko a kan tsaftataccen ƙyalle ya tsane sarai, ya sha iska. Ina roƙon ki kada ki yi gaggawa a nan. Ruwan da ya maƙale a jikinsa shi ne yake tsinka ƙullu, shi ne yake hana shi yin garas-garas, shi ne kuma yake sa mai ya yi tsalle ya fantsamo miki a hannu.

Idan ya tsane, ki zuba shi a roba mai faɗi, ki sa kindirmon nan da citta da tafarnuwa, garin tattasai, barkono, kurkum, masoro, kayan ƙamshi, ki matse lemon tsami, ki sa gishiri. Ki cuɗa da hannu a hankali har ko'ina ya samu, ki rufe ki bar shi kamar minti 20. Bayan nan ne za ki barbaɗa garin nan uku, ki sake juyawa. Abin da ake so shi ne ƙullun ya manne a jikin kowane yanki kamar an shafa masa, ba ya kwanta a ƙasan roba ba. Idan ya yi tauri ki yayyafa ruwa cokali ɗaya ko biyu, ba ƙari. A nan ne masu hannun ƙosai da fanke suke samun matsala, don hannu ya saba da ƙullu mai gudu. Wannan ba ya son haka.

Wata za ta ce, tunda ina da fulawa me zai sa in wahalar da kaina da gari har uku? Dalili shi ne fulawa ita kaɗai tana yin laushi da danƙo, tana kuma shan mai, kamar dai fanke. Konfulawa da garin shinkafa ba su da wannan danƙo, su ne suke bushewa su yi ɓawo mai ƙara a baki. 'Yar fulawar da muka sa don ta riƙe su ne kawai. Garin shinkafa kuwa ba sai an saya ba, ki jiƙa shinkafar tuwo, ki tsane, ki shanya, ki daka ki tankaɗe da rariya mai laushi.

To ga mu a bakin kasko. Ki zuba mai da ɗan yawa, yadda yankan zai nutse. Masu ma'aunin zafi suna cewa ya kai kamar digiri 175 zuwa 180, mu kuwa ma'auninmu shi ne ki ɗiga ɗan ƙullu. Idan ya nutse ya taso nan take yana kumfa, mai ya yi. Idan ya zauna a ƙasa, da saura. Idan ya yi baƙi kafin ki ƙifta ido, ko mai ya fara hayaƙi, wuta ta yi yawa, ki janye itace ko ki rage rishon. Ki riƙa sakawa ɗaya bayan ɗaya ta gefen kasko, kada ki cika shi, don yawan kaya yana sanyaya mai, sanyayyen mai kuwa shigewa yake cikin abinci. Ki bar su kamar minti ɗaya kafin ki taɓa, in kin juya da wuri rigar ƙullun za ta sulluɓe. Minti 4 zuwa 5, idan sun yi ja-ja, ki kwashe da matsami.

Masu sayar da shi a Indiya suna da wata dabara da za ta yi miki amfani ranar taro, wato suya biyu. Ki yi ta farko da hantsi, ki kwashe tun bai gama yin ja ba, ki baza a tire a buɗe. Idan baƙi sun fara sallama, ki zafafa mai fiye da na farko kaɗan, ki mayar da shi minti ɗaya zuwa biyu. Suya ta biyu tana korar sauran danshin da ya fito daga ciki ya jiƙa ɓawon, sai ya fito ƙamas. Kin ga kin rage aikin yamma, kin kuma samu wanda ya fi na suya ɗaya daɗi.

Kafin mu wuce, ranar biki gida cike yake da yara, kowa na guje-guje. Kaskon mai ya kasance a lungu, a ƙasa mai daidai, a sa babbar yarinya ta tsare hanya. Ki ɗaure zaninki da kyau, ki cire mayafi ko hijabi mai ja, musamman na roba-roba wanda wuta ke kamawa da sauri. Idan Allah ya ƙaddara mai ya kama da wuta, kada a kuskura a watsa ruwa, ruwa tashin wutar yake yi sama. A kashe rishon ko gas, a rufe kaskon da murfin ƙarfe, a bar shi ya huce da kansa.

Saura ƙarashe. Ki samu wani kaskon, ki sa mai cokali ɗaya, ki soya yankakkiyar tafarnuwa da albasa da attarugu ɗaya ko biyu sama-sama, sai ki juye soyayyen kabejin ki jujjuya na 'yan daƙiƙu ki sauke. A kudancin Indiya a nan suke jefa ganyen kori. Sai dai wanda ake sayarwa da wannan suna a kasuwanninmu ɗan uwan ɗoɗɗoya ne, nasu kuwa ganyen wata bishiya ce dabam. Namun ma yana ba da ƙamshi mai daɗi, ko ki yanka lawashi ki watsa. Ki jera a faranti da zoben albasa da yankan lemon tsami a gefe, ki soka tsinken sakace a jikin kowane, don kada masu lalle da kwalliya su ɓata hannu.

Yanzu ga maganar da na fi so ki riƙe a cikin shirin yau, maganar kala. Duk wadda ta ga hoton wannan abinci za ta gan shi ja wur, har ta yi tunanin nata bai yi ba. Wannan jan na kasuwa sau da yawa kalar roba ce. A watan Maris na 2024 gwamnatin jihar Karnataka ta Indiya ta hana sa kalar roba a wani soyayyen farin kabeji da ake sayarwa a bakin titi, bayan an gwada samfur 171 aka samu 107 ɗauke da kalar da ba ta dace ba. Cikin abin da aka haramta har da wani sinadari mai suna Rodamin B, wanda asalinsa na rinin tufafi ne, kuma masana lafiya suna danganta shi da haɗarin ciwon daji. To idan masu abin da kansu sun tashi tsaye a kansa, mu me zai kai mu? Kin san yadda ake ƙulla garin kala a leda a kasuwa, ba suna, ba kamfani, ba lambar hukumar NAFDAC. Ba ki san mene ne a ciki ba, kuma 'ya'yanki da 'ya'yan maƙwabta ne za su ci. Matan Indiya a gidajensu da barkonon Kashmir suke samun jan, wani barkono ne mai ja sosai amma mara zafi. Busasshen tattasanmu aikin da yake yi ke nan, shi ya sa na sa shi a awo har cokali guda. Ki zaɓi mai kyau wanda bai yi baƙi ba, ki cire 'ya'yan, ki daka da kanki. Jan da zai ba ki ba zai kai na hoto ba, zai fi kama da jan bulo, kuma haka na gida yake.

Game da yaji, ki tuna taro ya haɗa kowa, da tsofaffi da masu ciki da masu gyambon ciki. Gara ki sassauta barkono a ƙullu, ki ajiye dakakken yaji a ɗan kwano, mai so ta dangwala. Kuma farin kabeji, kamar wake, yana kumbura wa wasu ciki idan sun ci da yawa, don haka guda biyar ko shida a gaban kowa ya isa.

Kada ki zuba shi a kula ki rufe. Na san ɗabi'armu ce duk abin da aka sauke sai kula, amma tururi zai mayar da shi laɓo-laɓo cikin minti goma, duk wahalarki ta tafi. Idan za a kai wa maza zaure ko a aika maƙwabta, a shimfiɗa takarda mai tsabta a kwando ko tire, a lulluɓa da abu mai shan iska, a kai da zafinsa.

Wani lokaci maigida zai zo da baƙo Ba'indiye, tunda akwai su a masana'antu da kantuna da asibitocinmu, ya ce miki ba ya cin nama. Ki sani abin ya wuce cire tsoka daga miya. Man da aka soya kaza ko kifi a ciki ba zai yi masa ba, sai sabo. Dunƙulen da aka rubuta ɗanɗanon kaza ko na nama a jikinsa, ki ajiye shi gefe, gishiri da kayan ƙamshi sun isa. Da yawansu ƙwai ma ba sa ci, amma suna shan madara da kindirmo, don haka awon da na ba ki ya yi daidai. Akwai kuma mabiya addinin Jain, waɗanda ko albasa da tafarnuwa da dankali ba sa ci. Sai maigida ya tambaye shi tun kafin ranar. Mu da ba ma so a sa mana abin da addininmu ya hana a ɓoye, mu ne ya fi kamata mu kiyaye wa baƙo nasa.

Akwai ɗan uwan wannan girki da ake kira Gobi Mancuriyan, shi ne ma wanda dokar Karnataka ta ambata. Tushensa daga Sinawan da suka zauna a birnin Kalkata ne, da yawansu majema, waɗanda suka haɗa salon girkinsu da yajin Indiya. Ana danganta na kazar da wani mai dafa abinci ɗan asalinsu, Nelson Wang, a birnin Mumbai a 1975. Suyar iri ɗaya ce, sai dai a ƙarshe ana juya shi a cikin 'yar miya mai kauri ta tafarnuwa da citta da tumatir da baƙin ruwan waken suya na kwalba. Yana da daɗi, amma ni ban ba ki shawarar sa a babban taro ba, domin da ya shiga miya ya fara laushi, sai dai a ci nan take. Ki bar shi sai daren da kike da girki, ke da maigida.

Masu sana'ar cikin gida kuma, wannan ba kayan talla ba ne da za a ɗora wa yarinya ta yi ta yawo da shi a rana, kafin ta sayar ya yi sanyi ya saki. Kayan oda ne. Ki fara gwada kai ɗaya a gida, ki aika wa maƙwabciya da dangin miji su ɗanɗana, daga nan masu biki za su fara aiko miki. Idan za ki yanka kuɗi, ki lissafa har da mai da makamashi da kuɗin motar ɗan aike, kuma ki karɓi rabin kuɗi tun kafin a sayo kaya, tunda farin kabeji ba ya ajiyuwa idan mai oda ta fasa.

Agogo ya nuna lokacinmu ya cika. Wadda ta gwada ta aiko mana da saƙo mu ji yadda ya kasance. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a gaida maigida da yara. Wassalamu alaikum.